Falle Arba'in da Asiya Ba Ta Kwafa Ba

Asiya 'yar Malam Atu taubashiyata ce. Ubanta wan mahaifiyata ne, don haka tun muna yara take kirana bawanta, ni kuma ina kiranta Mai Baƙin Yatsa, domin ban taɓa ganin yatsanta babu tawada ba. Sunana Ɗanmaliki, dukanci ne sana'ata a Tambuwal, kuma gafakar littafi na fi ɗinkawa. Ita a Kebbe ta yi yawancin zamanta. Ta yi aure a Dogon Daji, mijin ya rasu ba su haihu ba, ta koma gidan ubanta ba ta ƙara aure ba. Ba manema ta rasa ba. Duk wanda ya zo sai ta tambaye shi ko zai bar ta ta yini tana rubutu, in ya yi dariya to ya gama nemansa ke nan.

Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana sai in ni ta samu. Sana'arta kwafar littattafai da hannu, kuma malaman Kebbe da Sanyinna da suke cewa mace ba ta wannan aiki su ne suke aiko mata da nasu a ɓoye. Da kanta take haɗa tawada da bagaruwa da ƙaro, da kanta take feƙe alƙalamin gamba. A shekarar da zan ba da labari, shekara guda bayan samun mulkin kai, ta ba arba'in baya, idonta na hagu ya fara gani dishi-dishi.

Kawu Malam Atu yana da wani littafi da babu irinsa a duk ƙasarmu. Wani mutumin Andalus ne ya wallafa shi, wato ƙasar nan ta ƙetaren teku, arewa da Maroko, inda Musulmi suka yi mulki shekaru ɗaruruwa kafin a fitar da su. Sunan mutumin ya ɓace mini. An ce kakan kawu ne ya samo shi daga hannun wani fatake a Agadas, amma ba zan rantse a kan wannan ba. Falle ɗari biyu ne. Yawancinsa bayanin noma ne da shayar da lambu, da yadda ake yi wa itace aure, da magunguna. Ƙarshensa kuma mai littafin ya ba da labarin birninsu da malamansu. A wannan ƙarshen ne kawu ya karanta cewa a can mata ma suna kwafar littattafai, shi ya sa ya miƙa wa 'yarsa alƙalami tun tana shekara bakwai.

Daga littafin kawu ya koyi aikin lambunsa na fadama. Lemonsa mai zaƙi a kan saiwar lemon tsami yake tsaye, kuma yana da rumman da ba na kowa ba. Mutane ba su yarda karatu ne da wuƙa da haƙuri ba, suka ce laƙani ne. Wanda ya fi kowa yarda da haka babban ɗansa ne, Shaihu, manomi mai ƙarfi wanda ya tsaya a izu biyu ya ajiye allo. Tun da kawu ya kwanta ciwo lambun ya koma hannunsa, itatuwa suka fara lalacewa, shi kuwa ya sa a ransa cewa akwai asirin da tsoho ya gaya wa Asiya ya hana shi. Ƙanensu Sama'ilu magatakarda ne a ofishin hakimi a Tambuwal, mai agogo da keke. Shi ya ji cewa akwai mutane daga Kaduna da suke zagawa suna tattara tsofaffin littattafai, yana so a ga sunansa cikin waɗanda suka bayar.

Kawu ya rasu da ruwan shuka. Ranar sadakar uku Liman Bube ya zauna da magada ya lissafa abin da aka bari. Gida da lambu da jakuna ba su kawo gardama ba, sauran littattafai ma kowa ya san inda za su. Da aka zo kan na Andalus, Liman ya ce a bar shi cikakke a hannun mutum ɗaya. Shaihu ya ce bai yarda ba. Sama'ilu ya ce in Yaya bai yarda ba shi ma bai yarda ba. Aka tsayar cewa ranar arba'in za a raba shi falle-falle, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya: tamanin, tamanin, arba'in.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wa ya taɓa raba riga, wannan ya ɗauki hannu wancan ya ɗauki wuya? Amma littafinmu na dā ba ɗinke shi ake yi ba, fallaye ne sake a tsakanin bango biyu, kuma abin da yake rabuwa cikin sauƙi magada ba sa barinsa. Na ga an yi wa littattafai da yawa haka a ƙasarmu, na ɗinka wa rabin littafi gafaka ya fi a ƙirga.

Asiya ba ta yi gardama ba. Abu ɗaya ta roƙa, a bar ta ta kwafa kafin ranar rabo. Liman ya yarda bisa sharaɗi: littafi kada ya fita ɗakin marigayi, kuma ranar arba'in a same shi ɗari biyu cif. Ta riga ta fara tun ranar da aka binne kawu, da sauran takardar da take da ita.

Da mutane suka watse ta kira ni bayan rumbu.

“Bawana, zamna ka ji,” ta ce. “Falle fuɗu nika iyawa a yini, in na matsa ma kaina. Fuɗu sau arba'in nawa ke nan?”

Na ce ɗari da sittin. Na ce to ai bai kai ba, saura arba'in.

“Arba'in ɗin su na rabona. Ka taɓa ganin an raba gado garin ga mace ta fara ɗauka? Babba shi ka farawa, daga bisa. Na biye shi ɗauki nashi. Abin da yar rage ƙasa shi na na mace. In na kwafe ɗari da sittin na farko, na ƙarshe su zo hannuna da kansu, littafi ya cika.”

Na yi dariya na ce ashe uwargijiyata ta fi ɓarawon akuya dabara. Na ce to me zai hana ta faɗa wa Liman a fili, a ba ta na ƙarshe kowa ya huta?

“Duk fallen da nic ce ina so, nan Yaya za shi ce asiri yake. Ko kallon su ban yi gabanai. Kai kau ka kama bakinka, na san ka. Takarda nika so gare ka, ba magana ba.”

Na rantse mata. Ban ga abin wuya a ciki ba.

Kwanakin nan arba'in ban taɓa ganin mutum ya wahala a zaune kamar yadda ta wahala ba. Kawu bai taɓa yarda a kusanto da fitila wurin littafin ba, ita ma ba ta saɓa wannan ba, don haka aikinta daga fitowar rana ne zuwa faɗuwarta, ga damina, yau rana gobe hadari. Takan jawo tabarma bakin ƙofa inda haske yake, tsohon falle a cinyar hagu sabo a ta dama. Baƙi ta rubuta da baƙar tawada, kawunan babi da ja. Sallah kawai take tayar da ita. Fura ma a tsaye take sha, nesa da takarda.

Shaihu kuwa, in ya dawo gona, sai ya kifa turmi a tsakar gida ya zauna yana kallonta. In ta daɗe a kan layi ɗaya sai ya miƙo wuya ya ce, “Mi kinka gani nan?” Ta ce tawada ce ta dushe. Ya koma ya zauna, bai yarda ba.

Ranar sha biyu iska ta ɗaga jinkar ɗakin, ruwa ya zubo. Ta kifa ƙwarya a kan littafin ta kwanta a kanta har aka ɗauke, ta rasa rabin yini. Wajen kwana na ashirin zazzaɓi ya kama ta, ta yi kwana biyu tana yin bibbiyu, sai da ta riƙa yin biyar-biyar kafin ta cike giɓin. Hannunta ya kumbura har wuyan hannu, idon hagu yana ta zubar ruwa, ta ɗaure shi da ƙyalle ta ci gaba da na dama. Ni kuma sau uku ina kawo takarda daga kasuwar Tambuwal. A zuwa na biyu rafi ya kawo, na naɗe takardar a fata na ɗora a ka, na bar kekena a wancan ƙetare wajen wasu Fulani da suka sauka da shanu. Da na iso ta duba takardar ta ga ba ta jiƙe ba, ta ce, “Ashe bawan ga yana da amfani.” Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Saura kwana uku rabo na zo Kebbe da niyyar zama har a gama. Na biya wurin wanzami a gindin ceɗiyar kasuwa. Akwai mutum biyar ko shida suna jiran layi, ɗaya yana ƙarƙashin aska, kansa a sunkuye, ya ba ni baya. Cikin masu jira akwai wani mai awon hatsi, Na'iya, wanda bakinsa ya fi mudunsa faɗi. Yana ganina ya fara.

“Ɗanmaliki, an ce kai ka jigilar takarda ma malama. Mace da alƙalami, ai zane-zane dai taka yi. Na ji an ce ko falle guda ba ta cikawa a yini.”

Da na yi shiru da babu abin da zai ci ni. Amma ni mutum ne mai saurin hawa, kuma na ga hannun nan a kumbure da idona. Na ce masa shi da bai iya rubuta sunan uwarsa ba ya rufa wa kansa asiri. Na ce falle fuɗu take yi kullum, fuɗu-fuɗu tun ran da aka binne tsoho, kuma duk malamin da ya isa ya zo ya gwada.

Mutumin da ake yi wa aski ya ɗago kai. Shaihu ne. Ya mayar da kansa ƙasa wanzami ya ci gaba. Amma na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa, yana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Shaihu bai yi karatu ba, amma mutumin da yake ƙirga damin gero ba a koya masa fuɗu sau arba'in.

Magana zarar bunu ce. Abin da ya fi wannan muni shi ne ban gaya wa Asiya ba. Na shiga gidan na same ta a bakin ƙofa tana rubutu, na buɗe baki, ta ɗago ido ɗaya ta dube ni, na ce sannu da aiki. Da na faɗa mata da ta tsallaka ta kwafi ko sha biyu daga na ƙarshe, ko ta sake dabara. Tsoro ne ya hana ni, na yi ta gaya wa kaina wataƙila Shaihu bai gane ba.

Ranar arba'in da hantsi, bayan an yi addu'a an raba sadaka, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Liman Bube a tsakiya, shaidu huɗu har da ni, Shaihu da Sama'ilu a gefe ɗaya, Asiya a lulluɓe a bakin ƙofar ɗakin. Ta gama falle na ɗari da sittin jiya da la'asar sakaliya. Liman ya kwance bangon ya ƙirga, ɗari biyu cif. Ya daidaita su ya ajiye a kan buzu.

“Shaihu, kai na babba. Ɗauki tamanin.”

Shaihu ya matso. Ya sa hannu biyu ya ɗaga tulin gaba ɗaya, ya kifa shi, ƙasa ta koma sama. Ya fara ƙirgawa.

Na dubi Asiya. Ba ta motsa ba, sai dai hannunta mai kumburi ya damƙe gefen tabarma.

“Daga bisa aka farawa, Shaihu,” in ji Liman.

“Allah gafarta Malam, an ce babba shi ka fara ɗauka. Akwai inda anka ce tilas daga bisa?”

Liman ya shafa gemu, ya ce a gaskiya babu. Saba ne kawai.

“To ni na ƙasa nika so, arba'in, in cika da arba'in na bisa.” Ya juya wajen shaidu. “Ku yi lissafi. Fuɗu-fuɗu kwana arba'in, ɗari da sittin ta kwafa. Arba'in ta bari. Don mi? Don ba ta son a samu biyunsu a duniya. Nan tsoho yaɓ ɓoye abin da yah hana min.”

Asiya ta juyo ta dube ni. Kallo ɗaya ne, ba harara a ciki, kuma da ta zage ni a gaban mutane da ya fi mini sauƙi. Sannan ta faɗi gaskiya gaba ɗaya, yadda ta yi lissafi da yadda ta dogara ga al'ada. Ta ce lokaci ne bai ishe ta ba. Ta ce aikin lambu yana cikin falle sittin na farko, a rubuce a fili, in yana so ta zauna ta karanta masa ta nuna masa da wuƙa a kan reshe.

“Yanzu kika faɗi,” in ji Shaihu. “Kwana arba'in ba ki faɗi ba.”

“Yaya, ba ni kwana goma. In kwafa, ka ɗauki abinka.”

“In kin kwafa ƙarfinai ya rabu biyu. Kuma wa yas san abin da za ki zare ciki kwana goma? Itatuwa na mutuwa, ban jira.”

Ta juya ga Sama'ilu. Da ya ce shi ma na ƙarshen yake so, da Liman ya sami hanyar yin ƙuri'a ko jinkirtawa. Sama'ilu ya dubi agogonsa ya ce shi duk wanda aka ba shi ya karɓa, kuma yana so ya kama hanya kafin hadari. Na daɗe ina jin haushin Shaihu, amma Shaihu ya yi imani da abin da yake faɗa. Sama'ilu ya san ƙarya ce, ya dubi agogo.

Ni ma na yi magana, na tashi tsaye ina kumfar baki, Liman ya ce in zauna ni shaida ne ba magaji ba. Gaskiyarsa.

Asiya ta ce to ta roƙi abu ɗaya. A bar ta ta karanta fallayen nan arba'in sau ɗaya, a fili, ta fassara, kowa ya ji. In akwai asiri Yaya ya ji shi da kunnensa. Shaihu, da yake yana son ya san yadda ake aiki da abin, ya ce ya yarda in Liman zai bi ta da ido kada ta tsallake. Sama'ilu ya kwashi tamanin ɗinsa daga tsakiya ya naɗe a jarida ya tafi.

Ta kwance ƙyallen idonta ta fara. Takan karanta Larabci gaɓa ɗaya ta mayar da Hausa, yadda malamai suke yi. Abin da zan faɗa yanzu shi ne abin da kaina ya riƙe daga ji ɗaya, kuma kan baduku ne.

Mai littafin ya ce shi haifaffen birnin Garnaɗa ne, kakanninsa mutanen Kurɗuba. Ya ce a birnin kakanninsa akwai masallaci mai ginshiƙai da yawa har mutum yakan ɓace wa abokin tafiyarsa a ciki, kowace kusurwa da malami da ɗalibansa, wannan fiƙihu, wancan lissafi, wancan tafiyar taurari. Ya ce akwai kasuwa guda ta takarda da littattafai kawai. Ya ce likitoci suna yanka su ɗinke, su rubuta abin da suka gani don na baya. Musulmi da Yahudu da Nasara sukan zauna a kan tsohon littafi ɗaya suna mayar da shi daga harshe zuwa harshe, su yi gardama har a kira sallah, gobe su dawo. Ya ce manomi yakan yi baitin waƙa a bayan garma, a amsa masa daga gonar maƙwabci. Ya kawo labarin wata tsohuwa a lungunsu da take kwafar littattafai har ta makance, ta koma tana feƙe wa 'yan mata alƙalami da lalube. A nan Asiya ta dakata, ta nemi ruwa.

Aka yi azahar aka dawo. Zuwa lokacin tsakar gidan ta cika, mata a bayan danga, har Na'iya mai awo yana tsugune a bakin zaure yana saurare. Hadari yana haɗuwa a gabas, ta ƙara sauri.

Sai labarin ya juya. Sarakunansu suka rabu, kowane gari da sarkinsa, wa yana haɗa kai da abokin gaba don ya karya ƙane. Birni ya faɗi, wani ya bi. Ya ce a ƙarshe an tara littattafan Larabci a dandali aka cinna musu wuta, shi yana ganin hayaƙin daga soronsu. Mutane suka riƙa ɓoye nasu, wasu a cikin bango su yaɓe, wasu a ƙarƙashin daɓe, da fatan wata rana 'ya'yansu za su tona. Shi kuwa ya ƙetare teku da abin da ya iya ɗauka, ya zauna a baƙon gari ya rubuta wannan, yana roƙon duk wanda littafin ya faɗa hannunsa ya bar shi haɗe.

Ta ajiye falle na ƙarshe. Liman ya ce ya bi ta layi-layi, ba ta tsallake ko kalma ba, kuma babu laƙani a ciki. Wallahi a lokacin na ɗauka an gama, na ɗauka ko dutse ne ya ji wannan zai yi laushi.

Shaihu ya gyaɗa kai a hankali.

“Kun ji da kunnenku,” ya ce. “Su ma binnewa sunka yi. Asiri ba bakin mai karatu yake ba, cikin tawada yake.”

Ya tattara fallayen ya sa a aljihun rigarsa. Ya tura mata arba'in daga na sama, waɗanda ta riga ta kwafa. Kafin magariba ya raba na ƙarshen goma-goma a ƙananan tukwane huɗu, ya yaɓe bakinsu da laka, ya binne a kusurwa huɗu na lambun. A daren aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma a watan da ya biyo fadama ta cika har ta shafe shinge.

Washegari na je na durƙusa na gaya mata abin da na yi a wurin wanzami. Ta ce ta gane tun jiya. Ta ce in tashi, ƙasa da sanyi. Na roƙe ta ta zauna ta rubuta arba'in ɗin da ka, tun suna sabo a ranta, domin na san ta karanta su ya fi sau ɗari tun tana yarinya.

“Na riƙe ma'ana, Ɗanmaliki, ban riƙe lafazi duka ba. In na rubuta da ka, maganata ce za ni sa bakin mamaci, na baya su ɗauka tashi ce. Mai kwafi abin da ag gabanai shika rubutawa. In an tono su in kwafa.”

Na ce wannan taurin kai ne. Ta ce i, gado ne, kowa a gidan ya samu rabonsa.

Ta jira. Da kaka ta roƙi Shaihu a tona, ya ƙi, domin a shekarar lemo ya yi 'ya'ya da dama, ya ce ga shi abin ya fara aiki. Shekara ta biyu ta sake roƙo ya sake ƙi. Tana zaune a gida ɗaya da shi, tana gaishe shi da safe, tana ci gaba da kwafar littattafan mutane, idon hagu ya rufe gaba ɗaya. Na Sama'ilu kuwa an ce ya miƙa su ga masu tattarawa, ko sun isa Kaduna ko ba su isa ba ban sani ba, shi ma da na tambaye shi bai sani ba. Wannan bai dame ta sosai ba tunda tana da kwafinsu.

A rani na uku rumman ya bushe, lemo uku suka bi shi. Shaihu da kansa ya zo bakin ƙofarta ya tsaya, ya rame, ya ce ta zo a tona. Aka aiko mini na zo. Mu uku muka je da hantsi, shi yake haƙa ni ina kwashe ƙasa. Tukunya ta farko ta fashe a cikin rami. Ta biyu laka ta narke daga bakinta, ruwa ya shiga ya fita sau nawa Allah kaɗai ya sani. Asiya ta sa hannu ta ɗebo abin da ke ciki, baƙin dunƙule ne mai wari kamar na marina. Ta murza shi a hankali ko za ta ga harafi, babu. Ta uku da ta huɗu haka.

Shaihu ya zauna a bakin rami ya rufe fuska da hularsa. Ita ta ce a kawo buta, ta wanke hannunta a cikin tukunyar don akwai sunan Allah a abin da ya narke, ta ce a mayar a rufe da kyau inda ba a takawa. Daga nan ta nemi wuƙar Shaihu, ta yanko reshe daga lemon da ya rage, ta nuna masa yadda ake tsaga da yadda ake ɗaurewa. Ya kalla har ta gama, bai iya ɗaga ido ya dube ta ba.

Ta rasu bayan shekara biyu, a gidan, ba ta daɗe tana jinya ba. Ta bar wasiyya a ba ni kwafin in ɗinka masa gafaka. Sai a lokacin na buɗe shi har ƙarshe. A al'adar masu kwafi, a gindin kowane falle akan rubuta kalmar farko ta fallen da ke biye, don kada su rikice. Falle na ɗari da sittin ya tsaya a tsakiyar magana, kuma ga kalmar nan a gindinsa, ita kaɗai. A ƙarƙashinta Asiya ta ƙara layi biyu da hannunta. Na kai wa Liman Bube ya karanta mini.

“Nan hannun Asiya 'yar Atu ya tsaya, littafin bai ƙare ba. Saura falle arba'in, suna cikin lambun yayana. Wanda ya karanta ya nema wa mai littafin gafara, ya roƙe mu mu bar shi haɗe ba mu bari ba.”